Ranar da Aka Sasanta Waɗanda Ba Su Yi Faɗa Ba

Tsufa ya share mini abubuwa da dama daga ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu ban yi kewarsu ba. Amma akwai rana guda da ba za ta gushe daga raina ba har in koma ga Mahaliccina, ita ce ranar da aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika, domin a sasanta waɗansu bayin Allah biyu da ba su taɓa yin ko da cacar baki ba. Na halarci sulhu iri-iri a rayuwata, na manoma da makiyaya, na 'yan'uwa a kan gado, amma wannan shi kaɗai ne sulhun da na ga an shiga lafiya an fito da rauni.

Bayan na ajiye aikin gwamnati, inda na yi hidima tun zamanin da ake karanta takarda kafin a sa mata hannu, wani attajiri ya roƙe ni in riƙe masa masaukin baƙinsa da ke kan hanyar Wurno zuwa Goronyo. Ba wani katafaren otal ba ne. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, da zauren cin abinci, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Baƙinmu dillalan albasa da tafarnuwa ne, da ma'aikatan madatsar ruwa, da masu zuwa ziyara Wurno. Na riƙe gidan shekaru masu yawa, kuma ban taɓa jin baƙo ya fita yana ƙorafi ba sai a kan sauro, wanda shi kuma ba ya ƙarƙashin ikona.

A cikin ma'aikatanmu akwai mutum biyu da labarin nan ya rataya a kansu. Na farko shi ne mai gadin ƙofa, wani dattijon Bafulatani, dogo, marar yawan magana, wanda kowa yake kira Baffa. Na biyu shi ne mai kai wa baƙi abinci, shi ma Bafulatani, daga wata ruga da ke wajen Rara a ƙasar Rabah, zan kuma kira shi mutumin Rara. Shi ne mijin 'yar Baffa ta fari. Dukansu makiyaya ne a da, har 'yan bindiga suka kore musu shanu, suka baro daji suka shigo gari neman abin sawa a baki. Mutumin Rara yana da mata da ƙananan yara da tsohuwar uwa, kuma in ka cire aikin nan ba shi da ko akuya.

Ban taɓa ganin mai hidima irinsa ba. Ya san dillalin da ba ya shan shayi sai da citta, ya san injiniyan da likita ya hana gishiri. Baƙo bai gama ajiye jaka ba zai tarar da buta cike a bakin ƙofarsa. In wani ya kwana da zazzaɓi, shi da kansa zai aika gida a damo fura da nono mai kyau a kawo. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka taɓa umartarsa da shi. Yana yi ne domin yana ganin gidan nasa ne, baƙin kuma baƙinsa ne.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin mutum da uban matarsa, balle a wurin Fulani, balle kuma mijin 'yar fari. Ba ya ambaton sunansa, ba ya kallon fuskarsa, ba ya ratsawa ta gabansa da takalmi, kuma ko yunwa za ta kashe shi ba zai kai loma baki a gabansa ba. Shi ma dattijon nauyin yake ji, shi ma ba ya kiran sunan. Saboda haka tun ranar da na ɗauke su na tsara musu zama. Baffa yana babbar ƙofa, mutumin Rara yana shiga da fita ta ƙaramar ƙofar da ke bayan ɗakin girki. In akwai saƙo a tsakaninsu, kukunmu ne ɗan aike, wani tsoho mutumin Rimawa wanda harshensa ya fi wuƙarsa kaifi. Kullum da rana mutumin Rara zai zaɓi tsokar kifi mafi kyau ya ba kuku ya kai ƙofa, ba tare da an ce daga wa ta fito ba, Baffa kuma zai ci ba tare da ya tambaya ba. Haka muka zauna, kowa da mutuncinsa, aiki yana tafiya.

Sai 'ya'yan mai masaukin suka dawo daga karatu, suka duba, suka ga cewa gidan da ba a ƙorafi a cikinsa lalle yana bukatar gyara. Aka kawo mana manaja daga Abuja, ni kuma aka ɗaga ni zuwa matsayin mai ba da shawara, wato aka ba ni kujera a gindin dogon yaro da cikakken 'yancin yin magana a duk lokacin da ba mai saurare. Manajan matashi ne, Bahaushe, amma irin waɗanda suka san ƙasarsu ta tagar mota. Adalci ya wajaba in faɗa: ba ya zagi, ba ya sata, ya gyara janareto, ya sa an wanke tankin ruwa. Aibinsa guda ɗaya ne, ya je kwas. A can aka koya masa yadda ake sa ma'aikaci ya so aikinsa, ya kuwa zo da niyyar ba zai bar kowa ya tsira ba.

Abu na farko da ya kawo shi ne taron safe. Ma'aikata duka su tsaya a da'ira a tsakar gida, kowa ya dubi na kusa da shi ido cikin ido, a tafa, a ɗaga murya a ce, “Mu iyali ɗaya ne!” Kuku ya matso kusa da ni ranar farko ya ce, “Malam, ni dai iyalina na Rimawa, kuma tun da nike ba su taɓa sa ni ihu da sahe ba.” A wannan taro ne idon manaja ya sauka a kan mutanen nan biyu. Ya lura cewa Baffa yakan tsaya a ƙarshen da'ira yana nazarin sararin sama, mutumin Rara kuma yakan laɓe bayan tankin ruwa yana nazarin yatsun ƙafarsa.

Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya rage murya kamar wanda ya gano makirci. “Baba, akwai matsala babba a gidan nan, na yi mamakin da ba ka lura ba. Mai gadi da mai kai abinci gaba suke yi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ba gaba ba ta, kunya ta. Wancan surukinai na. Shi ka auren ɗiyatai ta hwari.”

Fuskarsa ta washe. “To ai abin ya ma zo da sauƙi! Uba da ɗa ke nan. Baba, an nuna mana cewa duk inda ma'aikata biyu ba sa magana, ƙwazo raguwa yake yi. Katanga ce a tsakaninsu, dole a rushe ta.”

Na ce, “Wagga katanga da kaka gani, bisa gare ta anka aza rufin. In ka taɓa ta, kanmu za ya hwaɗo.”

Ya yi mini godiya, ya ce babu abin da yake girmamawa kamar shawarar manya. Daga baya na fahimci cewa a yaren kwas wannan yana nufin an gama magana.

Kashegari ya sa aka garƙame ƙofar baya da kwaɗo, domin kowa ya riƙa bi ta babbar ƙofa, a gaisa, zumunci ya ƙaru. Zumunci kuwa ya ƙaru ƙwarai. Mutumin Rara, wanda a da yake riga kowa isowa, sai ya koma tsayawa can nesa bayan wata rumfar mai shayi, takalmansa a hannu, yana jiran Baffa ya kauce. Baffa kuma, da ya hango shi, sai ya ɗauki buta ya zagaya baya, ya yi ta alwalar da ba lokacinta ba, domin ya ba shi hanya. Ƙofa ta zama ba mai tsaro. Awakin unguwa, waɗanda su ba su da suruki a gidan, suka shigo suka cinye furannin da manaja ya sa aka dasa. Shayin baƙi ya fara latti. Mutumin da bai taɓa fasa ko kofi ba ya fara tuntuɓe da tire, saboda rabin hankalinsa yana kan yadda zai fita da yamma.

Manaja ya dubi wannan duka ya yanke hukunci, cikin hikimar da Allah ya hore masa, cewa gabar ta fi yadda ya zata zurfi. Ya kira mutumin Rara a gabana ya ce masa, cikin murya mai taushi, shi ba ya son korar kowa, amma gidan ba zai ɗauki ma'aikata biyu da ba sa shiri ba, kuma in har ta kai ga zaɓi, wanda yake latti shi zai tafi. Mutumin Rara yana tsugune, ya ce, “Yallaɓai, ni ba ni da hwaɗa da kowa.” Manaja ya ce, “Madalla, to za ka nuna mana a gaban jama'a.” Na sake magana a ranar. Na kuma tafi gidan mai masaukin na same shi, na shimfiɗa masa zancen tun daga tushe. Ya ja tasbaharsa, sa'an nan ya ce, “Malam, a bar yaro shi gwada iliminai. Ɗiyana sun ce haka aka yi yanzu.”

Ilimin da za a gwada shi ne bikin karrama gwarzon ma'aikaci. An koya wa manaja cewa in ƙwazon mutum ya yi sanyi, yabo a bainar jama'a ne maganinsa. Sai ya ga zai haɗa magani biyu a cokali guda: mutumin Rara ne gwarzo, Baffa kuma shi zai miƙa masa kyautar.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa a tsakar gida, mai masaukin ya zo da 'ya'yansa, aka gayyato dillalan da suka sauka a lokacin da waɗansu dattawan unguwa, aka ɗauko mai hoto daga Wurno. Manaja ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙauna da haɗin kai, sa'an nan ya kira Baffa. Dattijon ya taso daga ƙofa da sandarsa, a tsammaninsa za a ce ya gyara wa wani mota wurin tsayawa. Aka ɗora masa agogon bango a hannu. Aka kira mutumin Rara. Ya fito daga ɗakin girki, ya ga wanda ke tsaye a tsakiyar fili, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa tun daga nesa.

Manaja ya je ya kama hannunsa ya ɗaga shi. “Haba, miƙe! A nan kowa daidai yake da kowa.” Ya jawo shi har gaban Baffa, ya kai makirufo bakin dattijon. “Baffa, faɗa wa jama'a sunan gwarzonmu.”

Baffa ya dubi ƙasa. Lasifika ta ɗauki numfashinsa ta watsa wa unguwa. Can ya ce, “Wanga… mutumin kirki na.”

“Sunansa, Baffa, sunansa!”

Daga bayan rumfa kuku ya ɗaga murya. “Yallaɓai, sunan nan kowa ya san shi, ba ɓacewa ya yi ba!” Waɗansu suka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi domin a ba mutum hanyar janyewa. Manaja bai ga hanyar ba. Ya haƙura da sunan, amma ya kama hannayensu biyu ya haɗa, ya riƙe, ya ce wa mai hoto ya ɗauka. Ya ce su dubi juna. Ya ce su yi murmushi.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran babban darasi. Aka fito da tire guda na dafa-dukar shinkafa da kifi, aka ajiye a kan tebur a tsakiyar fili, da cokali biyu. Manaja ya bayyana wa jama'a cewa waɗanda suka ci a kwano ɗaya ba sa sake gaba. Na miƙe tsaye na ce, “Ranka shi daɗe, wanga kam a bar shi.” Ya yi mini murmushin girmamawa, ya ce, “Baba, saura kaɗan.” Sa'an nan ya juya ga mutumin Rara ya ce a hankali, amma makirufo yana kunne, “Ka tuna maganarmu.”

Ina kallon fuskar bawan Allah nan. Na ga yana auna yaransa da tsohuwarsa a gefe guda, da abin da aka raine shi a kai a ɗaya gefen. Ya ɗauki cokali, ya ɗebo shinkafa, ya kai baki, a gaban uban matarsa, a gaban dattawan gari. Ya tauna. Ban san yadda ya haɗiye ba.

A tsawon rayuwata ban taɓa ganin taro ya sunkuyar da kai lokaci guda kamar wannan ba. Dillalan albasa, mutanen da ba su san kunya ba in ana ciniki, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Mai masaukin ya ƙura wa tasbaharsa ido kamar yau ya fara ganinta. Baffa ya juya fuskarsa gabas, bai taɓa nasa cokalin ba. Mutum ɗaya ne ya tafa, ya kuwa tafa da zuciya ɗaya.

Da safe ina zaune a gindin dogon yaro Baffa ya zo ya tsuguna. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Sa'an nan ya ajiye tocilar gadi da makullan ƙofa a gabana.

Na ce, “Baffa, mi ya hwaru?”

Ya ce, “Ba komi, Malam. Za ni wajen ƙanena, can Rabah. Ƙahwahuna sun gaji da tsayi.”

“Baffa, ni da kai ba mu ɓoye ma juna. Ka yi haƙuri, in sake magana.”

Ya girgiza kai. “In ina bakin ƙohwag ga, ba shi iya shigowa. Jiya ta bisa katanga ya hita, na ji sa'ad da ya dira. Shi ad da ɗiya ƙanana. Ni mi nika ci? Loma biyu ta ishe ni.”

Bai yi wa manaja sallama ba, bai kuma yi wa mijin 'yarsa ba, don wannan ba ya cikin abin da zai iya. Kuku ne ya raka shi tasha. Da ya dawo bai yi wa kowa ba'a ba har yamma, abin da ban taɓa gani ba. A taron safe na gaba manaja ya sanar cewa, ko da yake an yi rashin Baffa, yana farin cikin shaida mana cewa yanzu babu sauran ma'aikata biyu da ba sa magana da juna a gidan nan. Gaskiya ya faɗa, babu.

Mutumin Rara ya riƙe aikinsa. Bai sake latti ba ko sau ɗaya. Yana shigowa ta babbar ƙofa da takalmansa a ƙafa, ya wuce sabon mai gadi, ya tsaya a da'ira, ya tafa in an ce a tafa. Duk abin da aka ce ya yi yana yi, daidai yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Wata safiya na ji dillalin nan mai son citta yana cewa, “Kai, yau shayin ga lami na, ina citta?” Ya amsa masa cikin ladabi, “Ba ka ce a sa ba, Alhaji.” Dillalin ya dube shi ya ce, “Da can cewa nika yi?” Mutumin Rara ya ɗauki kofin ya koma ya sa citta, tun da yanzu an ce. Baƙi ba su yi ƙorafi ba, domin babu laifin da za su nuna. Sai dai waɗanda a da suke kwana uku suka koma kwana ɗaya, waɗansu kuma suka gano cewa ashe suna da 'yan'uwa a Goronyo da za su iya sauka wurinsu.

Daf da zan bar gidan gaba ɗaya, manaja ya zo ya zauna kusa da ni, karo na farko da ya nemi shawara da ƙafarsa. Ya rame kaɗan, na kuma tausaya masa, don yaron da gaske yake so abin ya yi kyau. Ya ce, “Baba, ban gane ba. Na yabe shi a gaban jama'a, na kawar masa da matsala. Me ya rage ban yi ba?”

Na ce, “Ba abin da ya rage, ranka shi daɗe. Aikin da anka ɗauke shi shi yi, shina yi. Wancan da kaka nema yanzu, dama ba cikin aiki shike ba. Kyauta ya riƙa ba mu, don mun bar mai mutuncinai. Ran da anka karɓe, shi ma ya riƙe abinai.”

Ya yi ta gyaɗa kai, har na fara zaton maganar ta shiga. Sa'an nan ya ce yana ganin abin da ake bukata shi ne a riƙa yin bikin karramawa kowane wata.

Abin da na koya a wannan al'amari, kuma nake so duk wanda aka ɗora a kan mutane ya ji, shi ne cewa ma'aikaci ba ya zuwa wurin aiki shi kaɗai. Yana zuwa da gidansu, da tarbiyyarsa, da abin da yake jin kunya, da waɗanda yake ciyarwa. Shugaba yana da iko ya sa shi ya zo a kan lokaci, ya tsaya inda aka ce, har ma ya ci abin da ba zai iya haɗiyewa ba, domin mai iyali zai jure abin da ya fi haka. Amma hidimar da ake yi da zuciya ba a umartar ta, mai ita ne yake bayarwa, kuma ba ya ba wanda bai tsaya ya san shi ba. Kafin ka gyara mutanen da ka tarar suna zaune lafiya, ka fara tambayar abin da ya zaunar da su, in kuma an gaya maka, ka saurara.